Kyankyaso da Raɓar Gindin Randa

Ran da muka koma makaranta bayan hutun damina, na buɗe kabad ɗin da muke ajiye littattafan karatu, sai na tarar an gaigaye bayan da yawa daga cikinsu. Yara suka ce ɓera ne. Na ce su matso su duba da kyau. Babu sawun haƙori, sai wani baƙin kashi ƙanana kamar garin masoro, da wani abu mai kama da ƙwayar wake manne a lungu. Kyankyaso ne ya yi hutu a wurin, yana cin gam ɗin da aka manne littattafan da shi. Wani yaro ya ce, "Malam, a kawo fiya-fiya." Wannan magana tasa ce ta sa na ga ya kamata mu yi zancen kyankyaso a wannan wata, gama yawancinmu abin da muka sani game da shi ke nan, a kawo guba.

Masana ƙwari sun ƙidaya irin kyankyaso wajen 4,600 a duniya. A cikinsu kamar 30 kaɗai ke raɓar gidajen mutane. Sauran suna daji, ƙarƙashin busasshen ganye da ruɓaɓɓen itace, suna cin abin da ya mutu suna mai da shi taki, tsuntsaye da ƙadangaru kuma suna cinsu. Akwai wani a Madagaska mai huci kamar maciji in an taɓa shi. Akwai na Ostireliya mai gina rami, wanda nauyinsa kan kai giram 30. Abin da ya fi ba yarana mamaki shi ne gara. A shekarar 2007 masana a Landan suka nuna gara da kyankyaso dangi ɗaya ne. Ashe shingen da yara ke kamawa a gindin fitila da farkon damina ɗan'uwan kyankyaso ne.

A gidajenmu na Yashe da Kankiya da Kusada iri uku muka fi gani. Na fari shi ne babban nan ja, mai tsawon kamar santimita 4, wanda ke fitowa daga masai da dare, wani lokaci ya tashi sama. Turawa suna kiransa na Amurka, amma daga wannan sashe namu na duniya jiragen ruwa suka kai shi can tun wajen 1625. Na biyu ƙarami ne, bai cika santimita 2 ba, da zane biyu baƙaƙe a bayan kansa. Ana ce masa na Jamus, amma binciken da aka buga a 2024 ya nuna asalinsa wajen Indiya ne da Bama, shekara kamar 2,100 da suka wuce, ya bi fatake da kayansu har ya gama duniya. Shi ne na ɗakin girki da kantin kayan masarufi. Na uku ƙarami ne shi ma, da ratsi biyu a gicciye, yana son wuri mai tudu da ɗumi, kamar cikin rediyo da bayan hoton da aka rataye a bango.

Mu da muke bakin hanya, inda titin Funtuwa ya haɗu da na Kano zuwa Katsina, sai mu lura da wannan tarihi. Yadda ya bi jirgi da ayari a da, haka yake bin kwalin sabulu da na taliya a yau. Kwalin da aka ɗauko daga kanti a cusa ƙarƙashin gado, sau da yawa da baƙi a cikinsa.

Abin nan mai kama da ƙwayar wake kwanson ƙwai ne. Na babban kyankyaso yana ɗauke da ƙwai kamar 16, uwar takan manne shi a lungu ta tafi, bayan mako 6 zuwa 8 su ƙyanƙyashe. Ƙaramar mai zane biyu kuwa takan yi ta yawo da nata kwanso a gindinta har ya kusa fashewa, da ƙwai 30 zuwa 40 a ciki, 'ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. 'Ya'yan ba su da fiffike, sai sun yi ta saɓa kamar maciji kafin su girma. Farin kyankyason da wasu ke ɗauka wani abin tsoro ne, wanda ya yi saɓa yanzu ne kawai. Bayan 'yan sa'o'i zai koma launinsa.

Me ya sa yake da wuyar kashewa da takalmi? A ƙarshen jikinsa akwai wasu tsinkaye biyu masu gashi da ke jin motsin iska. Kafin takalmi ya sauka, iskarsa ta riga ta yi masa gargaɗi. An gwada gudun babban a Amurka a 1991, aka ga yana cin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa guda. Ba ta hanci yake numfashi ba, ta wasu ƙananan ƙofofi ne a gefen jikinsa. Saboda haka ko an cire masa kai yakan yi kwanaki da rai. Abin da ke kashe shi a ƙarshe ƙishirwa ce, tun da ba bakin shan ruwa.

To, ga lagonsa nan. Kyankyaso yana iya yin wata guda bai ci kome ba, amma in babu ruwa ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. Ƙasarmu kuwa busasshiya ce fiye da rabin shekara. Da hunturu da bazara ba shi da wurin sha sai wanda muka ba shi, watau raɓar gindin randa, da tukunyar tuwon da aka jiƙa don ƙanzo aka bari ta kwana, da makwararar da ruwan wanke-wanke ke tsayawa, da masai marar murfi.

Wani zai ce, ai ba ya cizo, mene ne abin damuwa? Ku bi shi da tocila dare ɗaya ku gani. Daga ramin masai yake fitowa, ya bi ta kan kwanon da ba a rufe ba, ya hau ludayi, ya sauka a kofin da jariri zai sha koko da safe. A ƙafafunsa da cikinsa an sami ƙwayoyin cutar gudawa da atuni da ƙwan tsutsar ciki. Ban da wannan, kashinsa da saɓarsa sukan bushe su zama ƙura, yaro ya shaƙa. Wani bincike da aka buga a 1997 a kan yara masu ciwon fuka a manyan biranen Amurka ya nuna waɗanda jikinsu ba ya son wannan ƙura, suna kuma kwana a ɗakin da take da yawa, sun fi sauran kwanciya a asibiti. Uwar da ɗanta ke tari da dare, ta duba bayan akwati da ƙarƙashin gado.

Game da fiya-fiya kuwa, ina roƙon iyaye su yi hattara. Guba ce mai ƙarfi, tana shiga jiki ta numfashi da ta fata, an kuwa sha jin waɗanda suka yayyafa ta suka rufe ɗaki suka kwanta, ba su tashi ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper, mai irin wannan guba, a kasuwanni da kantuna, gama don gona aka yi shi. Mafi muni shi ne zuba ta a kwalbar lemo inda hannun yaro zai kai. Ga shi kuma feshi ba ya ratsa kwanson ƙwai, shi ya sa bayan 'yan makonni sai ka ga sun dawo. Ƙaramin nan ma ya riga ya saba da magunguna da yawa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kyankyaso. Aikin da ya fi guba ba ya cin ko kwabo. A yaɓe tsagar bango da ta daɓe. A yi wa ramin masai murfi, a koya wa yara mayar da shi kowane lokaci. A ɗora randa a kan duwatsu don gindinta ya bushe, a rufe bakinta da faifai. A wanke kwanuka a kife su kafin a kwanta. A kakkaɓe kwali a waje, in an ga kwanson ƙwai a murƙushe shi ko a jefa a wuta. A bar kaji su yi kiwo a bayan ɗaki, gama suna cin kyankyaso.

Mu a makaranta abin da muka yi ke nan. Muka fitar da littattafai muka shanya a rana, muka ƙone kwansunan, muka toshe tsagar da ke bayan kabad, muka kuma matsar da tulun ruwan sha daga gindinsa zuwa bakin ƙofa. Yaron da ya ce a kawo fiya-fiya shi na ba aikin duba kabad kowace Jumma'a. Ya zuwa yanzu bai kawo mini ƙara ba.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.