Tseren moto a Korgom: a bar rantsuwa, a koma musayar inji

Da zarar an ɗaure gero, an sayar da wake da gyaɗa, kuɗi ya ɗan zauna a aljihun samari, tseren moto ya dawo ke nan. Daga Korgom har ƙauyukan Tasawa da Mayahi, ranar biki ko bayan sallar idi, za ka ga an ja layi a ƙasa, an tara ɗan abin da za a ba gwani. Ni ba na cikin masu cewa a hana. An sha hanawa, sai dai yaran su koma inda babu babba ko ɗaya da zai tsawata. Abin da ya dame ni shi ne rigimar da ke biyo bayan kowane tsere, mai kalma uku: «An taɓa injin.»

Mai wannan ƙorafi sau da yawa gaskiya gare shi. Moto biyu, tambari ɗaya, dukansu an rubuta 125 a jiki, amma ɗaya an kai shi garaji an rarake silinda, an sa fistan mai girma, an buɗe hanyar esansi a kafireta, an huda salansa. Daga waje ba ka ganin komai sai ƙara. Wanda ya zo da motonsa yadda ya saye shi ya sha ƙura tun kafin kwana ta farko, ya kuma san ba iya tuƙi aka fi shi ba.

To wa zai tabbatar? Bakaniken da za a kira ya duba, wataƙila shi ya yi aikin da daddare. Wanda ake zargi ɗan ƙanwar wani ne, surukin wani ne. Daga nan sai a ce a ɗauko Alƙur'ani a rantse, a kan kyautar da ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Wannan kam bai dace ba ko kaɗan.

Kada a ɗauka talaucin kayan aiki ne kawai. A 1995, a tseren Kataloniya ta ƙasar Sifen, an kama ƙungiyar Toyota da wata dabara a motocinta Celica. Doka ta ce iska ta shiga turbo ta ƙofa mai faɗin milimita 34, su kuwa suka ƙera abin da ke buɗe wata hanya idan an ɗaure shi a mota, ya rufe idan an kwance don bincike. Hukumar FIA ta kwashe makinsu, ta dakatar da su wata 12. Idan masu injiniyoyi da na'urori sai da ƙyar suka gano, ina ga kwamitin samari mai sifana biyu?

Ga kuma wani abu da masu cewa «kada a taɓa inji sam» ba sa lura da shi. A ƙasarmu ta rairayi da ƙura, moton da ya shekara uku yana kabu-kabu dole an buɗe shi. Silinda ta cinye, an rarake ta kaɗan, an sa fistan na gaba da nata. Gyara ne na neman abinci. Dokar da ta ce sai injin da ba a taɓa kwancewa ba ta kori talaka mai gaskiya, ta bar fili ga mai kuɗin sayen sabo, wanda shi ne ma ya fi iya biyan bakanike ya ɓoye aikinsa.

Masu tseren ƙananan motoci da injin Rotax na ƙasar Ostiriya hatimi suke bugawa, ba mai buɗe inji sai garajin da aka amince da shi. Tsari ne mai kyau, amma yana son takardu da ma'aikata.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne na ƴan Finlan da Suwidin, a tseren talakawansu na tsofaffin motoci. Ba su wahalar da kansu da leƙa cikin kowane inji. Sun yanka farashi ɗaya, mai rahusa. An gama tsere, duk mai so ya ajiye wannan kuɗi ya nemi motarka. Idan masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a, idan ka ƙi sayarwa ka rasa lasin tsere. Wa zai zuba dukiya a injin da gobe maƙwabcinsa zai tafi da shi a kuɗin banza? Dokar ita ke tsare kanta.

Na san ba za a ce wa ɗan kabu-kabu ya sayar da motonsa ba, shi ne gonarsa ta rani. Amma ana iya rage abin ya dace da mu. A raba aji tukuna, masu 100 da 110 gefe guda, masu 125 gefe guda, masu 150 su kara da juna. Sannan a amince tun kafin a tashi, a gaban mai gari da wakilin magajin gari: duk wanda ya zo na ɗaya, wanda ya gama tseren a bayansa yana da ikon neman musayar silinda da fistan da kafireta, ya ba da nasa, ya ɗora jika kaɗan na ladan bakanike. A kwance a fili, kowa na kallo. Mai inji na gaskiya bai yi asarar komai ba, ya ba da irin abin da ya karɓa. Wanda ya ƙi, a hana shi kyauta, ya huta tseren baɗi. Babu wanda ya kira wani maƙaryaci, babu zumuncin da ya ɓaci.

Inda nake so kwamiti ya kafe ba sassauci shi ne abin da ido ke gani: birki na gaba da na baya, tayoyi, hular kwano, da fili nesa da kasuwa da hanyar yara. Injin da aka ƙara wa gudu aka bar shi da tsohon birki shi ke kai samari asibitin Tasawa, wani lokaci har Maraɗi. Wannan binciken minti biyu ne, kowane dattijo zai iya yinsa a bakin layi kafin a tada moto.