Banda: hayaƙi ake biɗa, ba harshen wuta ba



A ƙasar Kanada akwai wani kamfani mai suna Bradley da ke ƙera murhun banda na cikin gida, mai aiki da lantarki. Ba a sa masa faskare. Garin katako ake matsewa a yi ɗan curi kewayayye kamar masa. Curin yakan hau wani faranti mai zafi, ya yi ta cin kansa ba tare da ya kama da wuta ba har minti 20, sa'an nan na bayansa ya turo shi ya faɗa cikin kwanon ruwa, ya mutu tun bai zama toka ba.

Mutumin Kanan-Bakashe zai ce ina ruwansa da murhun Nasara. Murhun kam ba ruwansa da shi, amma dalilin minti 20 ɗin nan ya shafi duk mai ƙyafe nama.

In icce ya sha zafi, ruwan jikinsa ne ke fara fita, wajen digiri 100. Shi ne farin hayaƙi mai kauri na ɗanyen icce, wanda ke jiƙa nama maimakon ya busar da shi. Daga digiri 200 zuwa 400 jikin iccen ke sakin hayaƙi siriri mai ƙamshi, wanda ke ba banda launinta, ya kuma jinkirta ruɓewarta. Idan zafi ya zarce haka wuta ta tashi, ƙamshin yakan ƙone, sai kunkunniya da wani sinadari da masana ke kira benzopiren, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Kitsen da ke ɗiga bisa garwashi yana ƙara yawansa. Tun shekarar 2014 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a naman banda: kashi 2 cikin miliyan na giram guda a kowane kilo. Ɗan kasuwar da ke mafarkin kai bandarsa can, ya riƙe wannan lissafi.

To, mu dubi ranar layya a Mayahi ko Tasawa. An feɗe raguna, an miƙe su bisa gicciyen sanduna, an kewaye wuta da su. Mai gaggawa yakan tula icce har harshen wuta ya riƙa lasar nama: waje ya yi baƙi, ciki bai nuna ba, ga kuɗin icce sun tafi a banza. Tsohon mahauci kuwa yakan bari icce ya faɗi garwashi, ya ja naman baya kaɗan, yana ƙara guntu ɗaya-ɗaya har dare. Abin da injin Kanada ke yi da agogo, shi da ido yake yinsa.

Sai maganar irin icce. Busasshiyar ƙirya tana daɗewa tana ci, shi ya sa maƙera ke son gawayinta, amma ta yi ƙaranci. A Gulbin Kaba akwai ƙodagon goriba, mai tauri, mai ci a hankali. Kusan shi ne curinmu na gida, ko da yake in aka kwashe shi kaf, ina sabuwar kaba za ta tsiro? Tumfafiya da aguwa, masu farin ƙaro, ba su dace da abinci ba.

Abin da ya fi tada hankali shi ne hura wuta da leda, ko guntun taya, ko katako mai fenti. Dokar 2014 ta haramta shigo da leda marar kauri da sayar da ita a Nijar, amma har yanzu da ita wasu ke tada wutar tukuba. Ya kamata sarakunan fawa da ma'aikatan tsabta na gundumomi su zagaya tukubai da hantsi, lokacin da ake hura wuta, ba da la'asar ba sa'ad da nama ya riga ya hau.