Rawa a ɗakin jinya: wa zai kai sakamakon bincike ga masu aiki?

A shekara ta 2019 ofishin nahiyar Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ya fito da wani rahoto wanda masana biyu na wata jami'ar birnin London, Daisy Fancourt da Saoirse Finn, suka tsara bayan sun bi rubuce-rubucen bincike fiye da 900, domin a san ko kiɗa da waƙa da zane da rawa suna da amfani wajen tsare lafiyar ɗan Adam da jinyar marar lafiya. Rahoton ya ce suna da shi. Tun daga nan hukumomin lafiya na ƙasashe da dama suka soma kasa kunne ga maganar da a da ake ɗauka wasa ce, har ya kai a 2023 wannan ofishi ya haɗa kai da Jami'ar Niyu Yok da waɗansu ƙungiyoyi aka kafa cibiyar bincike mai suna Jameel Arts & Health Lab.

To, amma rahoto a kan tebur yake zama. Wanda ke tsayawa gaban tsohuwa mai jiri, ko gaban yarinyar da damuwa ta hana barci, malamin rawa ne ko ma'aikacin jinya, kuma sau da yawa ya bar makaranta tun kafin a yi binciken da ake magana a kai. Batun da ke gaban masu wannan sana'a ke nan a yau: ta wace hanya abin da aka gano a jami'a zai iske mai aiki, kuma ta wace hanya abin da mai aiki ya gani da idonsa zai koma wurin mai bincike.

Sana'ar kanta ba sabuwa ba ce. A 1942 ne aka gayyaci wata malamar rawa, Marian Chace, zuwa asibitin masu taɓin hankali na Saint Elizabeths a birnin Washinton, inda ta lura cewa marar lafiyan da ya daina magana da kowa yana iya amsawa da jikinsa idan aka tsaya kusa da shi ana kwaikwayon motsinsa. A 1966 aka kafa ƙungiyar masu jinya da rawa ta Amurka, ita ce kuma shugabarta ta farko. A 1971 aka buɗe karatun digiri na biyu a wannan fanni a kwalejin Hunter ta Niyu Yok. Ingila ta kafa tata ƙungiyar a 1982. Cikin waɗannan shekaru duka, ilimin yana tafiya ne daga hannun malama zuwa hannun almajira, kamar yadda ake koyon ƙira ko saƙa, hujjarsa kuwa labarin wane da wance da suka sami sauƙi. Likitoci ba su yarda da irin wannan hujja, kuma suna da gaskiyarsu, domin wanda bai sami sauƙi ba ba kasafai ake ba da labarinsa ba.

Hujjar da likitoci ke nema ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya abin da ake son gwadawa, a bar ɗaya kashin yadda yake, sa'an nan a auna. Inda aka fi yin haka a kan rawa shi ne wajen ciwon Parkinson, ciwon karkarwa da sandarewar jiki wanda OMS ta ƙiyasta ya kama mutum fiye da miliyan 8 da rabi a 2019. Ciwon yana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, sai mutum ya kasa soma tafiya, ko ƙafarsa ta kafe a tsakiyar taki. Amon kiɗa yana ba shi umurni daga waje a maimakon umurnin cikin da ya raunana. Madeleine Hackney da Gammon Earhart na Jami'ar Washinton da ke birnin Saint Louis sun gwada rawar tango ta ƙasar Ajantina tun daga 2007, saboda a cikinta akwai tafiya da baya, da tsayawa, da sake tashi, da juyi, watau daidai abubuwan da ke yi wa mai ciwon wuya, ga kuma abokin rawa da zai dafa. A wani gwaji da aka buga a 2012, mutum 62 aka raba, waɗanda suka yi tango sau biyu a mako har shekara guda sun fi sauran daidaiton tsayuwa da sauƙin motsi. Bahaushe dai zai yi mamakin a ce rawa ce ke rage rawar jiki.

Sai dai akwai sakamakon da masu sha'awar abin ba su cika ambata ba, shi ne kuwa ya fi cancanta a koyar. A ƙasar Ostareliya an yi gwaji da tsofaffi 530 a unguwannin masu ritaya 23, ana koya wa kashi ɗaya rawar taro sau biyu a mako har wata 12, da fatan za ta rage musu faɗuwa. Da aka buga sakamakon a 2016, sai aka ga ba ta rage ba. Da yawa daga cikinsu ma ba su riƙa zuwa a kai a kai ba. Taƙaitawar ƙungiyar Cochrane ta 2019 ta nuna cewa motsa jikin da aka tsara musamman domin daidaiton tsayuwa yana rage faɗuwar tsofaffi da wajen kashi 24 cikin ɗari, amma game da rawa ba ta sami tabbaci ba. Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ne, tun da OMS ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara. Malamin da bai ji wannan labari ba zai ci gaba da yi wa tsofaffi alkawarin da bincike bai tabbatar ba. Wanda ya ji kuwa zai sake tsarin darasinsa, ya ƙara tsayuwa da ƙafa ɗaya da sauya nauyi daga gefe zuwa gefe, ya kuma nemi dalilin da ya sa rabin ɗalibansa ke fashi. In kiɗa ya sake, rawa sai ta sake.

Haka abin yake wajen ciwon damuwa mai tsanani. Taƙaitawar Cochrane ta 2015 gwaji uku kaɗai ta samu masu mutum 147, ta ce ba su isa a yanke hukunci ba. A 2024 mujallar likitoci ta Ingila, BMJ, ta buga wani babban nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 218 na motsa jiki iri-iri, inda rawa ta fito da sakamako mai girma ƙwarai, har jaridu suka yi ta yayatawa cewa ta fi ƙwayar magani. Amma masu nazarin da kansu sun ja kunne cewa gwaje-gwajen rawar kaɗan ne, kuma akasarin waɗanda aka gwada ƴan mata ne masu ƙuruciya. Kanun jarida ya yi nisa, jan kunnen ya tsaya a shafin ciki. Idan malamin rawa ya gaya wa mai ciwon damuwa ya ajiye maganinsa bisa abin da ya gani a kanun labari, ana iya rasa rai.

Ƙasar Suwidin ce ta ba da misalin da ya fi kyau a tsaya a kai, domin can an fara da bincike ne kafin a soma horar da kowa. Anna Duberg, ma'aikaciyar gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki a birnin Orebro, ta ɗauki ƴan mata 112 masu shekara 13 zuwa 18 waɗanda ke yawan zuwa wurin ma'aikaciyar jinyar makaranta da kukan ciwon kai, ciwon ciki, gajiya da ƙuncin rai. Ƙuri'a ta ba 59 rawa, 53 suka ci gaba da zamansu kamar kullum. Sau biyu a mako ake yi, minti 75 kowane zama, har wata 8, bayan an tashi daga makaranta. Sharaɗin da ya bambanta shi da makarantar rawa shi ne babu gasa, babu maki, babu shirin fita gaban ƴan kallo. Yarinya ta zo yadda take, ta yi iyakar abin da za ta iya, a ƙarshe a kwanta a huta. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna ƴan rawar sun fi sauran jin lafiyar jikinsu ta ƙaru, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan an daina.

Abin da ya biyo baya shi ne muhimmi. Maimakon a bar sakamakon cikin mujalla, sai aka mai da shi tsarin aiki mai suna Dans för hälsa, watau rawa domin lafiya, ana horar da malaman rawa da ma'aikatan lafiya su gudanar da shi a garuruwansu tare da ma'aikatan jinya na makarantu, waɗanda su ne ke gane yarinyar da ke bukata su tura ta. Horon ya fi nauyi a wajen hana malami halin da ya saba da shi. Wanda ya shekara ashirin yana gyara wa ɗalibai kuskuren taki, yana zaɓen gwanaye ya sa su a gaba, dole ya koyi kame bakinsa, domin da zarar gasa ta shigo, abin da aka auna a Orebro ya tashi, sai sunan kaɗai ya saura. Mai karatu da ya san gaɗar ƴan mata a dandali da farin wata, inda ba a korar kowa don ba ta iya ba, zai gane abin da Turawan ke ƙoƙarin tsarewa.

A Amurka hanyar ta biyo ta wani ɓangare. A 2001 ƙungiyar masu ciwon Parkinson ta unguwar Buruklin ta nemi ƙungiyar rawa ta Mark Morris ta buɗe musu darasi, daga nan shirin Dance for PD ya tashi, ya horar da malamai har ya kai ƙasashe fiye da 25. Nan aiki ne ya riga bincike, masu binciken suka biyo baya suna aunawa. A Ingila ƙungiyar rawa ta English National Ballet ta soma irinsa a 2010, tun farko kuwa ta sa Jami'ar Roehampton ta riƙa bin darussan.

Inda matsala take shi ne wajen suna da takarda. Wanda ya yi horon ƴan kwanaki ya iya jagorantar darasin rawa domin lafiya, amma bai zama mai jinyar taɓin hankali ba, aikin da a Amurka sai da digiri na biyu da ɗaruruwan sa'o'in aiki ƙarƙashin kulawar babba, da kuma ƙarin karatu a kai a kai kafin a sabunta wa mutum shaidarsa. A Ingila hukumar da ke rajistar masu jinya da kiɗa, da zane, da wasan kwaikwayo ba ta rajistar masu jinya da rawa, ƙungiyarsu ce ke tsare ƙa'idarta da kanta. A Faransa doka ba ta tsare wannan laƙabi ba, saboda haka mai digirin jami'a da wanda ya halarci taro na ƙarshen mako guda suna iya rataya allo iri ɗaya a ƙofa. Marar lafiya ba shi da hanyar bambancewa. Ƙarin ilimi da ba ya fayyace wa mai koyo iyakarsa, da lokacin da ya wajaba ya tura mutum wurin likita, ɓarnarsa na iya fin amfaninsa, domin takardar da ya bayar tana ƙara wa mai ƙaramin sani ƙarfin hali.

Nahiyar Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan magana. Salon da ake kira expression primitive a Faransa ya fito ne daga hannun Herns Duplan, ɗan ƙasar Haiti wanda ya bi tafarkin Katherine Dunham, kuma France Schott-Billmann da ta shigar da shi aikin jinya ta yi nazarin rawar hawan iska. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun yi nazarin bikin ndëp na Lebu tun shekarun 1960, suka kuma kafa mujallar Psychopathologie africaine a 1965. A ƙasar Maradi, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi kan bori a 1972, Nicole Echard kuma ta yi nata a kan na ƙasar Adar. Amma kada a rikita abubuwan biyu: bori yana tsaye ne a kan imani da iskoki, jinya da rawa kuwa ba ta kiran kowa, tana aiki ne da amo, da numfashi, da tsoka, da zaman mutum cikin jama'a. Misalin da ya fi kusa shi ne na ƙasar Saliyo, inda a 2006 David Alan Harris ya yi aiki a garin Koindu da samarin da aka sa yaƙi tun suna yara, tare da ma'aikatan ba da shawara ƴan ƙasar, ana amfani da kiɗa da rawar da samarin suka tashi da su.

Ga ƙasashen da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, kamar na yankin Sahel, OMS ta riga ta shimfiɗa hanya tun 2008 da shirinta na mhGAP, wanda ke horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su yi abin da za su iya, su tura sauran gaba. Duk shirin rawa domin lafiya da za a kawo irin waɗannan wurare, a ƙarƙashin wannan tsari ya kamata ya zauna, kuma da rajista a hannu: wa ya zo, sau nawa, wa ya daina zuwa da dalilinsa, wa ya faɗi, wa aka tura asibiti. Akasarin gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne a ƙasashe masu arziki, a ɗakuna masu daɓen katako da malamai masu albashi, kuma sakamakon Orebro ko na Saint Louis ba zai faɗi abin da zai faru a farfajiyar asibitin Tawa ko ta Damagaram ba sai an auna shi a can.