GARANTI BA GANIMA BA NE: Raddi Ga Masu Cewa "Kwance Kayan Ka Yi Shiru"

  

Ya 'yan'uwana matasa, na san wasunku za su yi mamakin ganin malamin Islamiyya, wanda abin hawansa bai wuce tsohon babur ba, yana rubutu a kan baƙin mai da tayar mota. To ruwa ba ya tsami banza. Wata tambaya ce aka yi mini, kuma amsar da na ji wasu Musulmi sun riga ni bayarwa ita ce ta hana ni yin shiru.

Ina da ƙane, ɗan baffana, da yake aiki a jihar Teksas ta Amurka. Ya sayi sabuwar a-kori-kura irin wadda ake kutsa daji da duwatsu da ita. Bai yi wata uku da ita ba ya bi sahun abokansa: ya ɗaga ta sama da inci 6, ya sa mata manyan tayoyi masu inci 35, sannan ya kai ta wurin wani ya taɓa kwamfutar injin domin ta ƙara ƙarfi. Da motar ta kai mil 21,000 sai ya fara ganin ɗigon mai a inda yake ajiye ta. Abokan nan nasa, har da waɗanda suke sahu ɗaya a masallaci, suka ce masa abu mai sauƙi ne: ya kwance duk abin da ya ƙara, ya mayar da kwamfutar yadda ta zo, ya kai wa dila a gyara a kan garanti, in an tambaye shi ya ce bai taɓa ta ba. Sai ya kira ni cikin dare ya ce, "Yaya Malam, wannan ya halatta?"

Kafin hukunci, a fahimci mas'alar. Garanti alkawari ne a rubuce, kuma kuɗinsa yana cikin farashin motar. A Amurka manyan kamfanoni irin su Ford da Toyota suna ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya da sassan da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Abin da suka ɗauki nauyinsa shi ne aibin da ya taso daga ƙira ko daga kayan da suka yi amfani da su. Ba su ɗauki nauyin ɓarnar da mai mota ya jawo da hannunsa ba. Ƙanena ya karɓi motar a kan wannan sharaɗi, ba wanda ya tilasta shi, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai da cika ƙulle-ƙullen alkawari.

Na ce masa ya fara kai ta wurin makanike mai zaman kansa a gano daga ina man yake fitowa, domin inda mai ya ɗiga ba lallai nan ne ya ɓulle ba. Gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya, ga farantin ƙarfen da ake sa wa irin waɗannan motoci a ƙasa don kare su daga duwatsu yana tara shi ya ɓoye. Aka wanke ƙasan motar, aka zuba wani rini a cikin man wanda yake ƙyalli idan aka haska shi da fitila ta musamman, ya yi kwana biyu yana hawa, aka sake dubawa. Ashe yoyon biyu ne. Ɗaya baƙin mai ne da yake tsattsafowa daga bakin kaskon da man ke taruwa a ƙasan inji, inda aka liƙe shi tun daga masana'anta. Na biyu man giya ne, daga robar da ke toshe wurin da sandar tayar gaba take shiga. Wannan na biyun sananne ne ga masu ɗaga mota: idan aka ɗaga ta, sandar takan karkace fiye da yadda aka tsara, ta riƙa cin robar har ta saki. Wato yoyo ɗaya nasu ne, ɗaya nasa ne. Abin da abokansa suke so shi ne a haɗa duka biyun a ɗora wa kamfani.

Da na ce masa wannan algus ne, sai saƙonni suka fara zuwa mini daga abokan. Wani ya ce ai ba ƙarya za a yi ba, kwance kaya kawai za a yi, a yi shiru. Subhanallah! Shin wanda ya ɗaure hantsar tunkiya kwana da kwanaki, nono ya taru, sannan ya kai ta kasuwa, ya buɗe baki ya yi ƙarya? Bai ce uffan ba, hantsar ce ta yi masa magana. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma bai wa mai saye zaɓin mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Haka nan mai abincin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, shi ma bai furta komai ba. Malamai suna kiran wannan tadlisi, wato yaudara da aiki. Mutumin da zai yi yini guda yana kwance ƙarafa ba don komai ba sai don mai dubawa ya zaci abin da ba haka yake ba, ina bambancinsa da mai ɗaure hantsa? Balle ma za a tambaye shi, kuma sun riga sun tsara masa amsar da zai bayar.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa dukiyar kamfanin kafirai ce, kuma ɗan abin da za su kashe ba zai girgiza su ba. Wannan magana jahilci ce da aka yi wa rawani. Mugira ɗan Shu'uba (RA), kafin ya musulunta, ya yi tafiya da wasu mushirikai, ya yaudare su ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa amma ya barranta daga dukiyar. Kuma malaman fiƙihu, irin su Ibnu Ƙudama, sun bayyana cewa wanda ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincewarsu, haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu. Kai da ka yi layi ka nemi biza, aka buɗe maka ƙofa, yaushe garejin dila ya zama fagen ganima? Yawan dukiyar wanda aka cuta kuwa bai taɓa halatta cuta ba.

Akwai magana ɗaya tasu da na yarda da rabinta: cewa dilolin ma ba waliyyai ba ne. Gaskiya ne akwai wanda da ya hango manyan tayoyi zai ce garanti ya faɗi gaba ɗaya, ko da rediyo ne ya lalace. Wannan zalunci ne, kuma dokar ƙasar ba ta goyi bayansa ba. Tun 1975 akwai dokar tarayya mai suna Magnuson-Moss, kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta yi bayani cewa sa wa mota kayan da ba na kamfani ba, shi kaɗai ba ya rushe garanti. Sai kamfani ya nuna cewa kayan ne suka jawo wannan ɓarnar kafin ya ƙi gyara ta. To tunda ƙofar haƙƙi a buɗe take, me ya kai mutum haura katanga? Na kuma gaya musu, ko da ba tsoron Allah ba ne dalili, kwamfutar motocin zamani tana barin alamar cewa an sake rubuta ta, kuma ƙusar da aka kwance aka ɗaure ba ta ɓuya ga makanike. Ku yi tunanin Musulmi da gemunsa a tsaye gaban teburin dila, ana nuna masa ƙaryarsa a allon kwamfuta.

Ƙanena ya kai motar yadda take, ya faɗi duk abin da ya yi mata. Ba zan ɓoye muku ba, bai sha da daɗi ba. Da farko ma'aikacin ya ƙi duka biyun, yana cewa ƙarin ƙarfin da aka yi wa injin yana iya ƙara matsi a cikinsa har ya turo mai waje. Wannan yana faruwa, ba ƙage ya yi ba, sai dai "yana iya" ba hujja ba ce. Ƙanena ya nemi a rubuta masa dalilin a takarda, ya kawo hotunan da makanikensa ya ɗauka, ya kira ofishin kamfanin. Sai da aka yi mako uku yana hayar mota kafin su amince su sake liƙe kaskon a kan garanti. Robar gaba kuwa shi ya biya daga aljihunsa. Sannan sun rubuta a fayil ɗin motar cewa an taɓa kwamfutarta, wanda ke nufin duk ranar da injin ya sami babbar matsala, sai ya yi da gaske kafin su saurare shi.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da abokansa suke yi masa gori da shi har yanzu, suna cewa malaminsa na ƙauye ya jawo masa asara. Shi ma na ji a muryarsa bai gama hucewa da ni ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ya aiko mini da hoton ƙasan motar a bushe, bai rubuta komai a ƙarƙashinsa ba, ni kuma na mayar masa da addu'a na tambayi lafiyar iyali.