Garantin da ke Lome, moton da ke Yamai

Ƴan uwa, ƙanena ya ci bashi ya sayi moto mai lantarki daga wani dila a Lome, ta WhatsApp, don ya riƙa kai saƙo cikin Yamai ba tare da sayen esans ba. An haɗo masa da takarda mai hatimi: garanti na shekara guda. Wata huɗu, zafin Afrilu ya gama da batirin. Ya kira dilan, sai ya ce: "Kawo shi, mu duba."

Kawo shi ina? Lome fa! Sama da kilomita 1,000. Tun 2023 iyakarmu da Benin a rufe take, kaya sai sun bi ta Burkina, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. A wannan hanyar za a aika batiri ya je ya dawo? Mun zaga Katako da Wadata, ba irinsa. Makanike ya ce in ya buɗe shi, garantin ya faɗi. To, yaushe ya tsaya da zai faɗi?

Kullum ana ce mana lantarki shi ne gobe. Na yarda. Amma ma'aikatar kasuwanci ta daina kallo: duk mai son sayar da irin wannan moto a Nijar, a tilasta masa wakili da gareji da kayan gyara a nan Yamai, sunansu a rubuce cikin takardar.

Moton yana zaure an lulluɓe shi da tabarma. Mai bashi kuwa jiya ma ya zo.