Kujerar kumandan, hannun wa ya yi ta?

A zauren gidanmu, can Birnin Zinder, akwai wata tsohuwar kujerar katako mai hannuwa. Kakana ya yi aiki a buron Nasara kafin a maida babban birni Yamai a 1926, daga can ya taho da ita. Kwanan baya wani abokina ya gan ta ya ce: "Kai, me kake da kayan mulkin mallaka? Ka sayar ma ƴan kayan da, ko a hura wuta da ita." Na fahimci fushinsa. Aikin tilas sai 1946 aka soke shi, ba mu manta ba. Amma ban yarda da shi ba.

Na kifa ta na duba. Maɗaci ne, jajir, mai nauyi. Babu ƙusa ko ɗaya. An huda rami a ƙafa, an feƙe bakin ɗayan katakon ya shige cif, sannan aka soke su da ɗan tsinken itace. In hunturu ya busar da katako, ko damina ta kumbura shi, mahaɗin yana motsi tare da shi, ba ya tsagewa. Kumandan dai zama ya yi a kai. Sassaƙar da fiƙar, kakana ya ce, wani kafinta baƙar fata ne ya yi su, wanda ba a rubuta sunansa ko'ina ba. In mun ƙone ta, aikin wa muka ƙone?

Ku dubi abin da wasu suka yi. Sojojin Ingila a Indiya suna da kujerar tafiya da ake kira Roorkhee: sanduna ne da ake zurawa cikin ƙafafu ba gam, ɗaurin fata da zane mai kauri ke riƙe su, nauyin mai zama ke ƙara tamke ta ko ƙasa ba ta daidaita ba. A 1933 wani ɗan Danmak, Kaare Klint, ya kwaikwayi fasalinta, har yau ana ƙera tasa ana sayarwa da tsada.

Mu kuwa a fada kullum kujerar roba, rana ta gasa ta, ƙafa ta ɓalle, mu sake saye. Wallahi abin da ciwo.

Ranar Asabar na kai tamu wurin wani matashin kafinta a unguwarmu. Ya daɗe yana shafa mahaɗin da yatsa, sannan ya ce in bar masa ita kwana uku ya auna.