Murhun Lantarki Ya Ƙi Yin Zafi

A gidanmu a nan Hadejia mun yi asarar kuɗi a kan wannan al'amari, shi ya sa muka kawo shi a shafinmu na wannan wata. Wata ranar Asabar da magariba uwargida ta ɗora shinkafa, gama muna da baƙi daga Malam Madori. Aka yi awa guda ruwa bai tafasa ba, har dai aka koma ga itace. Ran Litinin muka kai murhun wurin mai gyara, ya sa masa sabon faranti, muka biya. Da dare ya yi, jiya i yau.

Sai muka aro mitar awon wuta daga makarantarmu. Ashe murhun lafiyarsa lau, wutar ce ba ƙarfi. An ƙera irin waɗannan murahu domin wuta mai bolt 230, amma a daren nan bolt 160 muka samu a soket. Mutum zai ce ai ragin ba yawa. To, zafi ya fi wutar saurin faɗuwa. A raba 160 da 230, a riɓanya abin da ya fito da kansa, za a sami ƙasa da rabi kaɗan. Watau faranti mai wat 1,500 wajen 725 kaɗai yake bayarwa. Ina ruwa zai tafasa?

Wanda ba shi da mita ya dubi fanka, ko tana juyawa da nawa. Kada a dogara ga fararen ƙwayayen fitila na zamani, gama sukan haska sosai ko wuta ta raunana. Hanya mafi sauƙi ita ce a gwada murhun da asuba, sa'ad da unguwa ba ta jan wuta. In ya yi zafi a lokacin, a bar mai gyara ya huta. Kada kuma a jona shi da ƙaramin sitabilaiza na talabijin, ba zai ɗauka ba.

In wuta na da ƙarfi amma zafi bai isa ba, sai a koma ga fulogi, a nan kuwa haɗari yake. A bar murhu ya yi minti 10, a kashe daga bango, sa'an nan a taɓa fulogin. In ya yi zafi, ko ya soma baƙi, ko ana jin ƙaurin roba, to zafin da ya kamata ya shiga tukunya yana tsayawa a hanya. Sau da yawa ƙusar da ke riƙe waya ce ta saki, ko kuwa an yi ƙari da siririyar waya. Murhu mai kai biyu na wat 2,500 yana jan wajen amfiya 11, fiyus ɗin fulogi kuwa 13 ne, saboda haka soket nasa shi kaɗai ya kamata. Mun sha ganin an cusa tsirarar waya a soket an danne da tsinken ashana. Iyaye, a ɗakin da yara ke shiga da fita, ga hunturu kome ya bushe, wannan kiran gobara ne.

A dubi tukunya kuma. Irin ta dalma da ake zubawa a kasuwa domin murhun duwatsu aka yi ta, gindinta a kumbure, ɗan wuri kaɗai take taɓa faranti. A nemi mai shimfiɗaɗɗen gindi, a rufe ta da murfi.

Bayan waɗannan duka ne za a zargi faranti. Na baƙin ƙarfe yakan ƙunshi wayoyin zafi biyu ko uku. In ɗaya ta tsinke, sai ya yi zafi a wata lamba, a wata ya yi sanyi-sanyi. Wannan aikin mai gyara ne.

Saura maganar ruwa, mu da ke bakin kogi. 'Yan'uwanmu na Auyo da Kirikasamma ba su manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Murhun da ruwa ya shiga, ko bayansa ya bushe, laima da laka na nan a ciki, suna iya kai wuta jikin ƙarfe. Kada a jona shi sai gwani ya buɗe ya auna. Wanda kuma ya taɓa jan uwargida ko sau ɗaya, a zare fulogi nan take, a sa a duba ko wayar ƙasa, watau ta uku a fulogi, tana haɗe.